Gwamnan da Ya Tare Ƙofar Jami'a: Lacca a kan Siyasar George Wallace na Alabama



Mutumin da zan yi magana a kansa yau ya hau kujerar gwamnan jihar Alabama ta kudancin Amurka har sau huɗu, ya nemi shugabancin ƙasar sau huɗu bai samu ba, ya kuma ƙarasa shekara 26 na ƙarshen rayuwarsa a kan keken guragu. Sunansa George Wallace. An haife shi a 1919 a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Clio, ya mutu a birnin Montgomery a 1998. Duk wanda ya taɓa leƙa tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka ya ci karo da hotonsa: gajeren mutum, tsohon ɗan dambe, ya ɗaure fuska a bakin ƙofar jami'a don ya hana ɗalibai biyu shiga. Galibi hanya biyu ake bi wajen ba da labarinsa. Wasu sukan ce mugu ne wanda ƙin baƙar fata ke gudana a jininsa tun haihuwa. Wasu kuma sukan ba da shi a matsayin ƙissar mai zunubin da wahala ta ladabtar har ya tuba. Kowanne yana da ɗan gaskiyarsa, amma a ganina duka biyun sun tsallake abin da ya fi bayyana mutumin. Ra'ayin da zan kare a gabanku shi ne, Wallace ɗan kasuwar ƙuri'a ne, kuma a kowace kwana da ya sha a rayuwarsa ta siyasa, idan muka tambayi wa ke da katin zaɓe a Alabama a wannan shekarar, za mu san bakin da zai yi magana da shi tun kafin ya buɗe shi.

Sai mun fara sanin kasuwar kafin mu san ɗan kasuwar. Tsarin mulkin da Alabama ta rubuta a 1901 an tsara shi ne da gangan don a cire baƙaƙen fata daga rajistar zaɓe. An ɗora harajin da sai mutum ya biya kafin ya jefa ƙuri'a, an kafa jarrabawar karatu wadda mai rajista farar fata ke yanke hukuncin wanda ya ci da wanda ya faɗi. Abin ya yi tasirin da aka so. A farkon 1965, a gundumar Dallas inda garin Selma yake, baƙaƙen fata kusan 15,000 ne suka isa yin zaɓe, amma waɗanda ke cikin rajista ba su wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Jam'iyyar Dimokurat kaɗai ke da ƙarfi a jihar a lokacin, don haka zaɓen fidda gwaninta shi ne ainihin zaɓe, babban zaɓen kuwa cika ƙa'ida ne kawai. Wanda duk ke son kujerar gwamna, fararen fata kaɗai zai roƙa.

A cikin wannan kasuwa, abin mamaki, Wallace bai fara da sayar da wariya ba. Ya shiga majalisar dokokin jiha a 1946 bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama yaron Gwamna Jim Folsom, wani dogon mutum mai siyasar talakawa wanda bai ɗauki zagin baƙaƙen fata sana'a ba. A babban taron jam'iyya na 1948, lokacin da wasu wakilan kudu suka fice don fushin an sa batun 'yancin baƙaƙen fata cikin manufofin jam'iyya, Wallace ya zauna a kujerarsa. Ya yi zama a hukumar amintattu ta Kwalejin Tuskegee, makarantar baƙaƙen fata. Da ya zama alƙali, wani lauya baƙar fata mai suna J. L. Chestnut ya shaida daga baya cewa Wallace ne alƙalin farko da ya kira shi da laƙabin girmamawa a cikin kotu, abin da ba a saba yi wa baƙar fata ba. Kada a fahimce ni baibai: ko a wannan lokacin yana goyon bayan raba makarantu da wuraren zama, kamar kusan kowane ɗan siyasa farar fata a jihar. Sai dai hajar da ya baza a gaba ita ce hanyoyi da makarantu da kuɗin tsofaffi.

Shekarar 1958 ce ta juya shi. Ya tsaya takarar gwamna, ya haɗu da John Patterson, antoni janar na jiha, wanda ya riga ya yi suna da samo umarnin kotu da ya haramta wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP aiki a Alabama. Ƙungiyar 'yan ta'addar nan ta Ku Klux Klan ta mara wa Patterson baya, Wallace ya fito ya soki ƙungiyar, ya kuma sha kaye. Na kusa da shi sun ruwaito cewa bayan kayen ya yi rantsuwa, da kalma mai muni da ba zan maimaita ba, cewa ba wanda zai sake fin shi kaushi a kan baƙaƙen fata a fagen zaɓe. Shi ya musanta lafazin har ƙarshen rayuwarsa. Musun bai dame ni ba, domin aikinsa ya faɗi abin da bakinsa ya ƙi amsawa. A farkon 1959, hukumar tarayya mai binciken haƙƙin jama'a ta nemi littattafan rajistar zaɓe na gundumomin da ke ƙarƙashin kotunsa. Wallace ya shelanta wa duniya ba zai bayar ba ko da za a ɗaure shi. A bayan fage sai ya miƙa su ga kwamitocin masu taya kotu bincike, su kuma suka buɗe wa hukumar. Alƙalin tarayya Frank Johnson, abokin karatunsa a jami'a, ya wanke shi daga laifin raina kotu bisa hujjar cewa ai ya bi umarnin, ta ɓarauniyar hanya. Wallace ya fito ya ce ya kayar da gwamnatin tarayya. Ku riƙe wannan salo, domin shi zai yi ta maimaitawa: kurari a gaban jama'a, ja da baya a ɓoye, sannan a je a karɓi ƙuri'a.

Ya ci zaɓen 1962. Ranar 14 ga Janairu 1963, a wajen rantsar da shi, ya tsaya a inda aka rantsar da Jefferson Davis, shugaban jihohin kudu da suka ɓalle a yaƙin basasa, ya yi alkawarin wariya yau, wariya gobe, wariya har abada. Wanda ya rubuta masa jawabin, Asa Carter, jigo ne a Ku Klux Klan, ƙungiyar da ya yi Allah wadai da ita shekara biyar da suka wuce. Ranar 11 ga Yuni na wannan shekarar ya cika alkawarin kamfe na tsayawa a ƙofar makaranta. Kotu ta riga ta umarci Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa ta karɓi ɗalibai baƙaƙen fata biyu, Vivian Malone da James Hood. Wallace lauya ne, tsohon alƙali, ya san tun 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu, ya san ba shi da madafa. Duk da haka aka kafa masa mumbari da lasifika a ƙofar zauren rajista, aka shirya wa 'yan jarida wurin tsayawa. Mataimakin antoni janar na ƙasa, Nicholas Katzenbach, ya zo ya nemi ya ba da hanya, ya ƙi, ya karanta doguwar takarda a kan 'yancin jihohi. Shugaba Kennedy ya mayar da dakarun tsaron jihar ƙarƙashin ikon tarayya. Da yamma Janar Henry Graham ya zo ya sara masa ya ce ya kauce, ya kauce. Ɗaliban suka yi rajista a ranar. A shari'a ya faɗi warwas, amma a talabijin duk Amurka ta san sunansa kafin gari ya waye.

A nan mai sauraro zai iya cewa: to, malam, idan duk wasan kwaikwayo ne, ai laifinsa ya ragu, tunda bai yi niyyar hana kowa da gaske ba. Ni kuwa a wurina wannan ne ya ƙara nauyin laifin. Mahaukaci idan ya cinna wuta a kan yi masa uzuri. Mai hankalin da ya san wutar za ta ci gida, ya cinna don ya ji ɗumi, ba shi da abin cewa. 'Yan kallon wasan ba su san wasa ba ne. A farkon Satumba 1963 Wallace ya tura 'yan sandan jiha su rufe makarantu a Tuskegee da wasu garuruwa don kada yara baƙaƙe su shiga. Ranar 15 ga watan, 'yan Klan suka dasa bam a cocin baƙaƙen fata na titi na 16 a Birmingham, ya kashe 'yan mata huɗu, uku masu shekara 14, ɗaya mai shekara 11. Wallace bai dasa bam ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Amma shugaban da ya shafe watanni yana gaya wa mabiyansa cewa umarnin kotu zalunci ne da ya halatta a bijire masa ba zai wanke hannunsa ba idan wasu suka ɗauki maganar da gaske. Martin Luther King ya aika masa da saƙon waya yana cewa jinin yaran yana hannunsa. A Selma ma ba a buƙatar wani dogon tawili. Ranar 7 ga Maris 1965, mutum wajen 600 suka kama hanyar Montgomery don neman 'yancin zaɓe. Gwamna ya haramta tattakin, kuma 'yan sandansa ne suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa a gadar Edmund Pettus, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, ƙoƙon kai. Hotunan wannan rana su suka tura majalisar ƙasa ta zartar da Dokar 'Yancin Zaɓe, wadda Shugaba Johnson ya sa wa hannu ranar 6 ga Agusta 1965.

Kafin nan Wallace ya riga ya gano wata kasuwa da ta fi Alabama girma. A 1964 ya shiga zaɓen fidda gwani a jihohin da ba su cikin kudu, ya samu kashi 34 cikin ɗari a Wisconsin, kashi 30 a Indiana, kashi 43 a Maryland. Masana suka riƙe baki, domin an ɗauka cutar ta kudu ce kaɗai. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: a arewa ya daina ambaton launin fata. Sai ya koma maganar doka da oda, da alƙalan tarayya masu shiga sharo ba shanu, da 'yan bokon Washinton waɗanda, in ji shi, ko keke ba su iya ajiyewa daidai ba amma suna son tsara wa mai tasi da mai walda yadda za su rayu. Mai sauraro ya san su wa ake nufi ba tare da an kira suna ba. Tsarin mulkin jiha ya hana shi zarcewa a 1966, sai ya tsayar da matarsa Lurleen, tana fama da ciwon daji, ta ci, ya ci gaba da mulki da sunanta har ta mutu a kan kujera a watan Mayu 1968. A wannan shekarar ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar da ya kafa da kansa. Bai yi tsammanin ci ba. Dabararsa ita ce ya hana 'yan takarar manyan jam'iyyun biyu, Nixon da Humphrey, samun wakilan zaɓe 270 da ake buƙata, sannan ya zauna a yi ciniki da shi. Bai kai ga haka ba, Nixon ya samu 301, amma Wallace ya kwashi ƙuri'a kusan miliyan goma, kashi 13.5 cikin ɗari, ya lashe jihohi biyar, ya tashi da wakilai 46. Tun daga lokacin ba wani ɗan takara daga wajen manyan jam'iyyun biyu da ya sake cin ko jiha ɗaya. Masanin tarihi Dan Carter, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, yana ganin harshen da Wallace ya ƙera ya rayu bayansa a bakin waɗanda suka fi shi iya sa kwat, kuma na yarda da shi.

Ga suka ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi. Za a ce ɗan siyasa madubin jama'arsa ne. Fararen Alabama wariya suke so, da Wallace bai ba su ba da wani ya ba su. Za a ƙara da cewa mutum miliyan goma ba duka ƙiyayya ta kai su ba. Akwai ma'aikacin masana'anta da aka kai ɗansa Biyetnam yayin da ɗan mai kuɗi ke jami'a, akwai wanda tarzoma ta ƙona unguwarsa, akwai wanda ke jin manya sun raina shi. Haka ne. Kuma Wallace ya gina ƙananan kwalejoji da makarantun koyon sana'a a faɗin jihar, ya raba littattafan karatu kyauta. Duk na amince. Amsata tana cikin zaɓen 1970. Albert Brewer, wanda ya gaji Lurleen, ya nuna ana iya mulkin Alabama ba tare da zagin kowa ba, ya gyara harkar ilimi, ya nemi ƙuri'ar baƙaƙen fata a fili, har ya zo na ɗaya a zagayen farko. Ke nan jama'ar ba dunƙule suke a kan ƙiyayya ba, ana iya jan su ta wata hanyar. Wallace, wanda ke buƙatar kujerar don ya sake neman shugabancin ƙasa, ya tsoratar da fararen fata cewa ƙuri'ar baƙaƙe a dunƙule za ta ƙwace jihar, magoya bayansa suka baza takardun ɓatanci har ga iyalin Brewer, ya ci zagaye na biyu da tazara kaɗan. Madubi ba ya zaɓar abin da zai nuna. Wallace ya zaɓa, kuma daga cikin damuwowin talaka farar fata ya ɗauko mafi arha, wanda ba ya cin ko sisi daga aljihun masu gonakin katako da masu masana'antu. Mu da muka ari tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni daga Amurka a 1979 ba sai an yi mana dogon sharhi a kan wannan sana'a ba.

Ranar 15 ga Mayu 1972, yana kan ganiyarsa bayan ya lashe zaɓen fidda gwani na Florida, wani matashi mai suna Arthur Bremer ya harbe shi a wajen kamfe a garin Laurel na jihar Maryland. Bremer suna kawai yake nema, har Nixon ya fara bibiya kafin ya koma kan Wallace. Washegari Wallace ya ci Maryland da Michigan yana kwance a asibiti, amma ƙafafunsa sun tafi ke nan, ciwo kuma bai sake barinsa ba. Cikin masu zuwa dubiya har da Shirley Chisholm, mace baƙar fata ta farko a majalisar wakilai, wadda ita ma take takara a shekarar. A 1976 Jimmy Carter, ɗan kudu kamarsa, ya kayar da shi a Florida, mafarkin fadar shugaban ƙasa ya ƙare. A 1979 aka tura kekensa cikin cocin titin Dexter a Montgomery, inda King ya taɓa limanci, ya nemi gafarar jama'ar da ke wurin.

Wannan ya kawo mu ga tambaya mafi wuya: tuban gaskiya ne ko tuban muzuru? Ku dubi lissafin tukuna. A 1970 ƙuri'ar baƙaƙen fata ta yi yawan da za a tsorata fararen da ita, amma ba ta kai yadda sai da ita za a ci ba, sai ya yi amfani da ita a matsayin dodo. Zuwa 1982 abubuwa sun sauya. Baƙaƙen fata, kusan rubu'in jama'ar jihar, sun cika rajista, fararen da ya yi wa raino a siyasance kuma sun fara kwarara zuwa jam'iyyar Rifablikan ta Reagan. Ɗan Dimokurat ba zai ci ba sai da baƙaƙe. A wannan shekarar Wallace ya yi ta zagaya majami'unsu yana cewa ya yi kuskure. Ya samu wani kaso na ƙuri'arsu da ya ishe shi tsallake George McMillan da ƙyar a zaɓen fidda gwani, sannan a babban zaɓe kusan tara cikin kowane goma suka zaɓe shi a kan Emory Folmar, magajin garin Montgomery. Su ma lissafi suka yi, sun auna mutum biyu suka ɗauki wanda ke buƙatarsu. Ya kuwa naɗa baƙaƙen fata a muƙaman jiha fiye da duk gwamnan da ya gabace shi. Da ya sauka a Janairu 1987, wanda ya gaje shi, Guy Hunt, shi ne ɗan Rifablikan na farko da ya hau kujerar cikin fiye da shekara ɗari.

Amma dole in faɗi abin da ke karo da ra'ayina. Bayan 1987 ba shi da sauran ƙuri'ar nema, ga kurumta ga ciwo, kuma bai daina neman gafara ba. A 1995 ya fito ya tarbi masu tattakin cika shekara 30 da abin da ya faru a Selma. A 1996 ya gana da Vivian Malone, ya roƙe ta afuwa. James Hood ya koma jami'ar da aka tare masa ƙofa ya yi digirin digirgir, ya kuma halarci jana'izarsa. John Lewis, mai tabon kulki a ka, ya rubuta a jarida cewa ya yafe masa. Abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai Ya sani, kuma waɗanda aka zubar wa jini su ke da ikon yafewa. Ba ni da hurumin ƙwace musu shi ko in raina shi. Ra'ayina bai dogara ga cewa ƙarya yake ba. Mai yiwuwa ne harsashi da shekarun jinya sun koya masa abin da mulki bai koya masa ba. Abin da nake cewa shi ne a lura da jerin abubuwan: doka ta zo a 1965, rajista ta cika, lissafi ya juya, sannan gafara ta biyo baya. Baƙaƙen fatar Alabama ba su zauna jiran zuciyar gwamna ta yi laushi ba. Sun sha kulki a kan gada suka karɓo katin zaɓe, kuma katin ne ya kawo Wallace ƙofar cocinsu yana roƙo, shi da ya taɓa tsayawa a wata ƙofar yana kora.

Ita wannan doka ta 1965 tana da wani sashe da ya tilasta wa jihohi irin su Alabama neman izinin gwamnatin tarayya kafin su sauya kowace ƙa'idar zaɓe. A watan Yuni 2013 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke ma'aunin da ake bi wajen sanin jihohin da wannan sharaɗi ya hau kansu, sashen ya zama ba ya aiki. Wadda ta shigar da ƙarar ita ce gundumar Shelby, a cikin jihar Alabama.